Lambun Kagara da Shanun Manu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan kun sauka Kagara lafiya, kai da matarka Luba. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na masauki, ya sa kun shiga da ƙafar dama.

Na ba Luba takardar nan na ce kada ta miƙa maka sai kun sauke kaya kun sha ruwa. Ka san halina. In na zaunar da kai don in yi maka magana mai nauyi, kafin in kai tsakiya na mayar da ita raha, mu tashi muna dariya ban faɗi komai ba. Shi ya sa na nemi biro, don a takarda ba ni da wurin gudu.

Bari in fara da murna, don ita ta fi yawa. Tun ranar da ka ce za ka tayar da lambunmu na Kagara ka mayar da shi masaukin baƙi masu zuwa kallon ruwa, ban iya zama wuri ɗaya ba. Innarku ta ce na koma kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na gaya wa liman, na gaya wa mai shayin bakin kasuwa, na gaya wa dangin innarku na Rabah, har waɗanda ba su tambaye ni ba duk sun ji. Ɗakuna huɗu na laka, rumfar zana a bakin magudanar ruwa, abinci daga fadamar da baƙo yake kallo da idonsa. In na rufe ido ina ganin wurin kamar an riga an gama shi, har ina jin ƙanshin shinkafa da man shanu yana tashi daga bayan rumfa. Wallahi Haliru ka faranta mini rai, kuma ina alfahari da kai.

Ka tuna ranar da ka ɗauki tsinke ka zana mini da'ira a ƙasa, kana yi mini bayanin abin da kuka karanto a Sakkwato, wai tattalin arziki mai zagayawa? Ka ce a masaukinka ba za a sami abin da ake kira shara ba, duk abin da ya fita daga wani wuri zai shiga wani. Na yi ta gyaɗa kai kamar sabon ɗalibi. Sai ka kai tsinken kan wani gefe na da'irar ka ce, taki kuwa ba matsala, bayan girbi Fulanin Boyekai za su kawo shanu su kwana a gonar. A nan ne na shiga gyaran hula. Babu Bafulatanin da zai shigar da ko maraƙi cikin lambun nan muddin Baffanka Manu na rugar Boyekai yana riƙe da ni a zuciya, kuma ƙasar wurin ta gaji ƙwarai, in babu shanu ko yakuwa ba za ta ba ka ta kirki ba. Ni na kore su. Kana goye a lokacin, shi ya sa ba ka san labarin ba.

Lambun nan gadon kakarka Inno ne, mahaifiyata. Da aka gina dam ɗin Goronyo ruwa ya fara zuwa mana da rani, sai na sami aikin buɗe ƙofofin magudana da rufe su, ina kuma noma albasa da shinkafa a lambun. Baƙin ba ni na kira su ba. Mutane ne suke zuwa ziyarar hubbare a nan Wurno, in sun gama sai su ce bari su ƙarasa su ga ruwan da ake ta labari. A kan hanyar dawowa rana ta buge su, su hango mangwarorinmu, su tsaya su nemi inuwa. Innarku ta shimfiɗa musu tabarmar kaba, a ɗebo ruwan randa da moɗa, a dama fura a ƙwarya da nonon da matan Manu suke kawowa kullum da hantsi. Wanda ya zo sau ɗaya sai ya dawo da iyalinsa. Kafin mu ankara, ranakun Asabar da Lahadi sai an ƙaro tabarmi daga maƙwabta.

Manu kuwa abokina ne tun muna yara, kuma abin da ke tsakaninmu mun gaje shi ne. Da an yanke shinkafa an kwashe dawa, sai ya koro shanunsa daga Boyekai su sauka a gonar. Su cinye kara da harawa da tattakar shinkafa, su bar mana taki, mu juya ƙasa mu dasa albasa. Babu takarda, babu shaida, haka ubansa da kakana suka yi. Balbela ta biyo shanun ta cika wurin fari fat, 'ya'yan baƙi su yi ta tsalle suna nunawa. Ka ga da'irarka ke nan, tana tafiya da ƙafafunta, ba wanda ya san tana da suna.

Kuskurena na farko kunya ce. An tura mu wani ɗan kwas a Sakkwato aka sauke mu a otal, na ga ruwa a leda, abinci a farar roba mai murfi, cokali ma na yarwa ne. Na dawo na dubi randar innarku da ƙoren da aka ɗinke da zare, sai na ji kamar an tona mini asiri a gaban baƙi. Washegari na sa aka mirgina randar zuwa bayan ɗaki.

Innarku ta ce, “Malam, mi randar ga tay yi maka? Ruwanta ya hi na ledar ga sanyi.”

Na ce, “Ke ba ki san baƙi ba. Mutanen birni ba su shan ruwa da moɗa.”

Ta ce, “To in abin birni su ka biɗa, mi yak kawo su Kagara?”

Sai na yi kamar ana kirana a waje. Daga ranar na daina karɓar tabarmi da faya-fayai daga matan Kagara, na daina aika wa maginan tukwane na Dinawa. Na kawo kujerun roba jajaye na jera, ina tsaye ina kallonsu baki har kunne. Haliru, kada ka ji kunyar abin da ƙasarka ta ba ka. Ka tsabtace shi iyakar tsabta, wannan wajibi ne. A wanke ƙwarya a kife ta a rana, a rufe randa, a ware moɗar ɗiba daban da kofin sha, ruwan kuma a tace shi a tafasa. Amma kada ka musanya shi da abin da baƙo ya baro a gidansa. In ƙwarya ta fashe ta wuce ɗinki, ka jefa ta ramin taki ta koma ƙasa, ka aika a kawo wata, mai ƙoren ma ta sami na cefane.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma na farkon ne ya haife shi. Ban taɓa tambayar kaina inda ledar nan za ta je bayan an shanye ruwan ba. Mun saba da sharar da take ruɓewa. Duk abin da muka zubar a bayan lambu, damina ɗaya ta ishe shi ya zama ƙasa, sai na ɗauka ita ma haka za ta yi. Muka yi ta sharewa muna tarawa a wani kwari bayan mangwarori, tare da sauran shinkafa da miya, ni dai burina gaban wurin ya yi fes. Da kaka ta yi shanun Manu suka sauka kamar kullum, ƙanshin gishiri da mai ya ja su zuwa kwarin.

Bayan 'yan makonni Manu ya zo mini da rana tsaka, ina tsakiyar baƙi ina ta zuba bayani a kan yadda ake sakin ruwa. Yana riƙe da wani tsohon buhu. Ya juye shi a gabana, sai ga wani dunƙulen leda baƙi ƙirin, ya murɗe kamar igiya, girmansa ya kai tulu. Wata saniyarsa ce ta daina cin abinci tana ta ramewa, har sai da suka yanka ta don kada ta yi mushe.

Ya ce, “Attahiru, dubi abin da munka hiddo cikin saniyata. Bayan garkarka tac ci shi.”

Baƙi suka toshe hanci, wata mata ta janye ɗanta. Ni kuwa abin da na gani kawai shi ne an kunyata ni a gaban mutanen birni. Na ce, “Ni nic ce ta ci? In shanunka ba su san abin ci ba, kak ka sake kawo mani su nan.”

Ya dube ni ya ce, “Haka kac ce?”

Na ce, “Haka nic ce.”

Ya ce, “To, na jiya.” Ya tattara abinsa ya mayar a buhu ya tafi. A makon nan na sayo waya mai ƙaya na kewaye lambun, wadda har yau ka ga ragowarta ta yi tsatsa a jikin turaku. Nonon hantsi ya tsaya daga ranar.

Ga shawarata a nan, kuma ka riƙe ta da hannu biyu. Duk abin da zai shigo masaukinka, kafin ka buɗe masa ƙofa ka tambaye shi ta inda zai fita. In kaza za ta ci, ko saniya, ko wuta, ko ƙasa, to bismilla. In ba mai cin sa a cikin waɗannan kuma ba a iya wanke shi a sake amfani da shi, ya tsaya a waje. Baƙo zai zo da tasa ledar, wannan ba makawa. Ka ajiye kwando a bakin ƙofa, ka gaya masa cikin fara'a cewa a nan shanu suna kiwo, ka roƙe shi ya koma da ita ko ya bar ta a kwandon. Abin da ya taru ka kai wa masu sayen roba a Goronyo ranar kasuwa. Mutane suna jin magana in an gaya musu dalili, ni ne dai ban taɓa gwadawa ba.

Kuskure na uku ya zo da kansa. Da babu shanu, sai kara da tattaka suka taru mini tuli guda, na rasa yadda zan yi da su, sai na cinna musu wuta. Abincin garke guda na mayar hayaƙi, baƙi suna tari, ni ina ce musu ai gyaran gona ne. Shekara ta farko ƙasa ba ta ce komai ba. Ta biyu albasa ta fara ƙanƙancewa, na zuba takin zamani. Ta uku na ƙara, albasar ta yi girma a ido amma ba ta jure ajiya, kafin wata biyu ta fara ruɓewa. Ƙasar da da in ka damƙa take marmashewa a hannu ta koma tauri kamar daɓe, ruwa ya kwanta a kanta ya ƙi shiga. Ƙarshe dai ni mai lambu a bakin ruwa na koma sayen tumatir da attarugu a kasuwa don a yi wa baƙi miya. Innarku kallona kawai take yi in na shigo da ledar cefane, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Wadda ta fasa mini ƙwan wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta daga Zariya, wadda ta taɓa sauka wurinmu tun zamanin randa. Ta dawo da jikokinta uku. Ta tsaya a bakin waya tana waige-waige, ta ce, “Malam, ina shanun? Na yi wa yaran nan alkawarin za su ga balbela a bayan sa, su sha fura a ƙwarya.” Na miƙa mata ruwan leda na nuna mata jar kujera. Ta zauna na ɗan lokaci don kada in ji kunya, sannan ta ce, “Irin wannan ai muna da shi a tashar mota.” Ba ta sake dawowa ba, kuma ba ita kaɗai ba. Bayan damina biyu na kwashe kujeruna na dawo Wurno, ina gaya wa mutane wai aikin magudana ne ya yi mini yawa.

Saboda haka kada ka ƙona abin da wani baki zai ci. Kuma kada ka ɓoye aikin gona a bayan ɗaki kamar abin kunya, shi ne abin da aka zo gani. Kai, abin da za ka iya yi a wurin nan yana da yawa. Wurin alwala ka yi shi a kan tudu kaɗan, ruwan ya gangara gindin zogale da lemun tsami, ka ga kowace salla ban ruwa ce. Sauran tuwo da dusa na kaji ne, ƙwansu na karin kumallon baƙi. Ɓawon albasa, ganyen mangwaro, tokar murhu da kashin kaji duk rami ɗaya, a rufe da ƙasa a riƙa yayyafa ruwa. Buntun shinkafa, wato ƙaiƙayinta, kada ka bari masu inji su zubar, ka shimfiɗa wa kaji, in ya jiƙe shi ma ya tafi ramin. Kifi ka saya hannun masuntan wurin, kuma in sun ce wannan ba lokacin kamu ba ne, ka gaya wa baƙo babu kifi yau, ba zai mutu ba. In baƙo ya zo da 'ya'yansa, ka ba su dama su tsuguna su ciro albasa da hannunsu, su buɗe bakin fangalin ban ruwa su ga yadda ruwa yake bi daga wannan zuwa wancan. Yaron birni zai shekara yana ba da labarin nan. Sai dai kada kwaɗayi ya sa ka karɓi mutanen da suka fi ƙarfin wurin. Ni na taɓa barin motoci uku suka sauka rana ɗaya da bikin salla, suka tattake mini irin albasa tas, ina tsaye ina yi musu sannu da zuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce Luba ta jira sai kun sauka. Ranar Laraba da na ce muku zan je duba wani mara lafiya, ba gaskiya na faɗa ba, Allah ya yafe mini. Boyekai na tafi. Tun daga Wurno nake shirya magana a bayan babur, ina gyara ta ina ƙara mata gishiri, har na iso rugar. Na tarar da Manu a gindin wata bishiya a kan buzu yana tufka igiya. Ya tsufa, Haliru, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ne suke kiwo yanzu. Na yi sallama.

Ya amsa ya ce, “Wa na?”

Na ce, “Attahiru na, na Wurno.”

Ya ce, “Attahiru mai shinge?”

Na ce shi ne. Ya matsa mini gefen buzu. Na zauna na shiga zuba, na ba shi labarinka, da ɗakunan laka, da randa, da ramin taki, har da'irar taka na zana masa a ƙasa, na manta ba ya gani sosai. Na ce za a cire waya, na ce ba leda. Ya bar ni na yi ta yi har yawuna ya ƙafe, hannunsa bai bar tufka ba.

Ya ce, “Ka ƙare?”

Na ce na ƙare.

Ya ce, “Dut na jiya, kuma ɗanka ya yi hankali. Amma ni ba shinge yaɓ ɓata mani rai ba. Garkarka ta, kana iya ruhe ta. Saniyar nan jikar wadda ubana yab ba ni ta ran sunana. Ta tahi, niz zo wurinka da abin da yak kashe ta, kai ko jaje ba ka yi mani ba. Shi nika jira.”

Shekarun nan duka ina zaton fushin ciyawa yake yi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har idona ya kawo ruwa. Na sauka daga buzun na tsuguna a gabansa na ce, “Manu, ashe abin da yas same ka ke nan. Sannu. Allah shi maida maka da alheri, shi ba ka haƙuri.”

Ya ajiye igiyar ya ce, “Amin, amin. Na gode da jaje,” kamar da safiyar nan saniyar ta faɗi. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo nono. Na sha har na lashe ludayi, rabona da irinsa tun kana goye.

Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, “Ka hwaɗa ma yaron, in an yanke shinkahwa muna tahe. Amma ni da kaina za ni zagaya garkar tukuna. Idona ya tahi, amma ƙahwata ta san leda.”

To ka ji, ɗana. Shanu suna zuwa. Na dawo gida a bayan babur ina dariya ni kaɗai har mai babur ya tambaye ni ko lafiya. Daga yau zuwa yankan shinkafa aikinka na farko ba ɗakuna ba ne, kwarin nan ne na bayan mangwarori. Ledar tana nan yadda na bar ta, ƙasa ta rufe ta amma ba ta ci ta ba. Kada ka sa kowa ya fara tonawa sai na zo. Ina tafe ranar Asabar da manjagara da filaya, ni na zuba ta, ni zan fara kwashewa, wayar ma da hannuna zan warware ta. Kuma ranar da wani ya zo maka da hasarar da ta fito daga wurinka, ko kana tsakiyar baƙi ɗari, ka bar su ka tsuguna ka yi masa jaje tukuna, sauran maganar ta biyo baya.

Innarku tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Luba ta share gindin mangwaron tsakiya, don nan ne mazaunin randa. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya kare ku daga sharrin ruwa da na ƙasa da na mutum. Allah ya raya lambun nan a hannunka, ya kawo maka baƙi na alheri, ya mayar da kowannensu gida lafiya. Ya kuma ba ni da Manu tsawon ran da za mu zauna a buzu ɗaya mu ga shanu sun shiga.

Wassalam.

Mahaifinka,
Attahiru, Wurno